Mai Jegon da Ke Haki, Wa Ke Sauraron Ta?

Mace 1 cikin kowace 96 da suka haihu. Wannan ne adadin masu kamuwa da ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa, kamar yadda binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta ya gano a Asibitin Murtala na Kano, aka wallafa a 2020. Da wuya a samu inda ya kai haka yawa a duniya. Wannan kuma lissafin waɗanda suka isa birni ne. Matar da ke ƙauyukan Kunci ko Makoɗa tana iya mutuwa da shi ba a taɓa ambata mata sunansa ba, kuma a ganina babban dalili shi ne ba a ɗaukar maganarta da muhimmanci.

Mai jego ta ce numfashinta na sarƙewa idan ta kwanta, ƙafafunta sun kumbura, tari ya hana ta barci. A gida za a ce gajiyar haihuwa ce, ko sanyi, ko iska. A kemis a ba ta maganin tari da na ƙarin jini. Ranar da aka kai ta babban asibitin Ɗambatta ko na Bici, sau da yawa mijin ko uwar mijin ne ke yin bayani, ita tana sunkuye. An tarbiyyantar da ita a kan dauriya da kunya, musamman a haihuwar fari. Idan ta yi shiru sai a ɗauka da sauƙi, idan ta yi kuka a ce raki gare ta. Magidancin da ya dafe ƙirji kuwa, nan take ake tunanin zuciya. Ita komai nata sai a jingina shi da ciki ko jego.

Mun daɗe muna ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970. Binciken 2020 ya fi karkata ga rama, rashin ilimi, rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki. Duk da haka har yanzu tsawa ake fara yi wa mai jego kafin a ɗora mata abin sauraren ƙirji.

Ga kuma jiran sa hannu. Mace baliga mai hankalinta tana da ikon amincewa a yi mata tiyata, amma sai a tsaya neman miji da ya tafi cin rani, alhali jini na zuba.

Akwai masu cewa matsalar ƙarancin likitoci da kayan aiki ce, kuma maza ma na shan wahalarta. Gaskiya ne, na'urar hoton zuciya ta yi ƙaranci a karkara. Sai dai a Birtaniya, inda kayan aiki ba su yanke ba, binciken Jami'ar Leeds na 2016 ya nuna cewa yiwuwar a yi kuskuren gano bugun zuciya a gwajin farko ta fi yawa ga mata da kashi 50 cikin 100.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa. Kano ta fara shirin kula da masu ciki kyauta tun 2001, amma kyautar magani ba ta amfanar wadda aka sallama gida da maganin tari. Ya kamata duk ungozoma da ma'aikacin ƙaramin asibiti su tambayi mai jego da bakinta, su auna hawan jininta, kuma idan tana haki su tura ta gaba a ranar.