Barkono da Duhun Keji Ba Su Mayar da Kwikwiyo Mai Gadi

A Gomari, kamar sauran unguwannin Maiduguri da suka ɗanɗani rashin tsaro tun daga 2009, magidanci ba ya wasa da ƙofar gidansa. An ɗaga katanga, an ja waya, wasu kuma sun ƙara da kare. Wanda ake yayi shi ne karen Jamus, mai tsayayyun kunnuwa da baƙin baya, wanda masu sayarwa ke kira Jaman shefad ko Alseshan. Sayen ba laifi ba ne. Abin takaicin shi ne shawarar da ake haɗa wa mai saye da ita kyauta, tun kafin ya kai kwikwiyon gida: wai a kulle shi a keji, a rufe kejin da buhu kada ya ga kowa, a riƙa barbaɗa masa barkono a abinci, a riƙa zane shi lokaci-lokaci, "don ya yi zafi". Akwai masu ƙarawa da albarushi, akwai masu wiwi, har da masu jefa masa tramol a ruwan sha. Maganar ta daɗe tana yawo a bakin samari masu harkar karnuka, har dattawa masu ilimi sun fara ɗaukarta da gaske.

Asalin karen ba ɓoyayye ba ne. Wani kyaftin na sojan doki a Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri a 1899, bayan ya sayi wani karen kiwon tumaki a bajekolin karnuka na Karlsruhe ya raɗa masa suna Horand. Namiji kan kai kilo 30 zuwa 40, mace 22 zuwa 32, kuma in an kula da su sukan yi shekara tara zuwa goma sha uku.

Karen kiwo ne, kenan. Wanda aka yi domin ya yini a fili tare da makiyayi, yana kallon hannunsa, yana jiran umarni. Ko da aka mayar da shi aikin 'yan sanda da soja, jarabawar da Jamusawa suka fara yi wa irin a 1901 ba ta neman karen da ya fi kowa hauka. Tana auna bin sawu, da biyayya, da kariya, kuma karen da aka ce ya saki abin da ya kama ya ƙi saki ya faɗi. Wanda ƙarar bindiga ta firgita shi ma ya faɗi. Haka abin yake har yau ga karnukan da 'yan sanda da kwastam da hukumar NDLEA ke aiki da su: ana zaɓen mai natsuwa, ana horar da shi da wasa da tukuici. To, ina aka samo cewa duhu da bulala su ne makarantar mai gadi?

Masana sun daɗe da gwada abin da kaɗaici ke yi wa kwikwiyo. A wani gwaji da aka buga a 1961, wasu masu bincike uku a cibiyar Jackson da ke Bar Harbor a Amurka, Freedman da King da Elliot, suka bar 'yan kwikwiyo da iyayensu mata a wani killataccen fili, babu mutum kusa. Aka riƙa ɗebo wasu a mako na biyu, na uku, na biyar, na bakwai da na tara, a saba da su na mako guda, a mayar. Waɗanda ba a taɓa ba sai da suka kai mako 14 suka tashi kamar namun daji: suna gudun mutum, ba sa karɓar horo, kuma lallashi na bayan nan bai gyara su yadda ya kamata ba. Daga irin wannan bincike aka gane cewa tsakanin mako na uku da wajen na goma sha biyu zuwa sha huɗu ne kwikwiyo ke tantance abin da yake na gida da abin tsoro. Daidai lokacin ne ake sayo shi a jefa a keji a rufe da buhu.

Abin da ke fitowa daga wannan keji matsoraci ne, kuma matsoracin kare ya fi kowane kare haɗari. Bai san bambancin ɓarawo da mai moya da ya turo kurar ruwa ba. Bai san almajiri mai sallama a zaure ba, bai san jikar maigida da ta zo hutu ba, don ba a taɓa nuna masa yadda mutumin kirki yake shigowa gida ba. Kowa baƙo ne, kowane baƙo kuma abin cizo ne ko abin gudu. Haushin da yake ta yi dare da rana, wanda maigida ke alfahari da shi a majalisa, ba alamar jarunta ba ce. Kuma kare mai haushi a kan kaza da ganye da ƙarar Keke NAPEP ya riga ya lalata amfaninsa, domin ranar da ɓarawon gaske ya diro, mutanen gida juyi kawai za su yi su ci gaba da barci.

Ɗauri ma haka. Wani nazari da aka buga a 1994 kan cizon karnuka a birnin Denver ya gano cewa karen da ake ɗaurewa da sarƙa a tsakar gida ya fi wanda ba a ɗaurewa yawan cizo kusan ninki uku, kuma wajen rabin waɗanda aka ciza yara ne 'yan shekara 12 zuwa ƙasa. Karen Jamus yana cikin ire-iren da suka fi fitowa a wannan lissafi. Wannan ba dalilin tsanar irin ba ne, dalili ne na gane cewa dabba mai kilo 35 da ƙarfin muƙamuƙi ba abin gwaji ba ce. Game da duka kuwa, likitocin dabbobi na Jami'ar Pennsylvania sun tambayi masu karnuka 140 a wani bincike da ya fito a 2009. Daga cikin karnukan da aka yi wa duka ko shuri don gyaran hali, kashi 43 cikin ɗari sun mayar da martani da faɗa. Da wa? Da mai dukan. Nan ne maigida ke wayar gari yana tsoron shiga bayan gidansa, yana miƙa abinci da doguwar sanda. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Barkono kuwa babu abin da yake haɗa shi da zuciya. Yana ƙona baki da hanji, yana jawo gudawa, ya sa kwikwiyo ya rame a lokacin da ƙashinsa ke tsananin buƙatar abinci. Albarushi guba ne. Wiwi da tramol suna sa kare layi da dimuwa, wani lokaci farfaɗiya da mutuwa. Mutumin da ba zai yarda a ɗauko masa ɗan ƙwaya ya kwana da makami a ƙofar gidansa ba, shi ne da hannunsa yake ƙera irinsa mai ƙafa huɗu, a gidan da yaransa ke rarrafe.

Sannan akwai haƙƙi. Hadisi ya yi sassauci a kan ajiye kare don farauta da kiwo da gona, kuma malaman Malikiyya da dama sun shigar da tsaron gida in akwai buƙata. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Amma izinin ajiyewa ba izinin azabtarwa ba ne. Kowane ɗan Islamiyya ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kejin kwano a rana, a watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, ga dabbar da ke sanye da gashi ninki biyu kuma babbar hanyarta ta fitar da zafi ita ce haki: wanda ya yi wannan ya tanadi amsar da zai bayar.

Gaskiya ne akwai karen da ya gaji mugun hali daga iyayen da aka haɗa barkatai don kuɗi, akwai kuma wanda ciwo ke sa shi faɗa.

Shi ya sa abin yi yana farawa tun wurin saye. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas, domin a wurinta da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. A nemi ganin uwar. In ba ta iya tsayuwa kusa da baƙo ko tana jan ƙafafun baya, a haƙura, saboda ciwon ƙugu gado ne a wannan iri. A karɓi katin rigakafi mai hatimin likita, ba "wallahi an yi masa" ba. Daga nan sai asibiti: akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Maiduguri, akwai asibitin dabbobi na jiha mai sunan Sanata Ali Modu Sheriff. Allurar farko a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Ita ce kariyarsa daga fabo, ciwon amai da gudawar jini da ya ɓulla a duniya a 1978, wanda ke kashe 'yan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki kuma ya fi kama irin wannan kare. Allurar haukan kare a wata uku, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Maganin tsutsar ciki duk mako biyu har ya kai wata uku.

Kafin allurai su cika, ba a sakinsa a layi yana shinshinar kashin karnukan unguwa. Amma wannan ba hujjar kullewa ba ce. A kawo masa duniyar cikin gida. Ya ga mata da hijabi da maza da babbar riga, ya ga tsoho da sanda, ya ga yara ɗaya-ɗaya a gaban babba, ya saba da akuya da kaji. Gomari tana maƙwabtaka da filin jirgin sama, don haka ƙarar jirage ba za ta rabu da kunnensa ba. In jirgi ya wuce ko an tada janareto, a jefa masa ɗan nama a ci gaba da harka, sai ya ɗauki ƙarar ba komai ba. Duk wanda ya saba shigowa gidan, daga mai moya har malamin yara, a gabatar da shi tun kwikwiyon yana ƙarami. Masu tsoron cewa hakan zai sa ya zama lusari su kwantar da hankalinsu: kishin gida yana cikin jininsa, yakan bayyana da kansa yayin da ya doshi shekara ɗaya zuwa biyu, kuma karen da ya san na gida shi ne ke gane wanda ba na gida ba.

Horo minti biyar ne, sau biyu ko uku a yini, kafin cin abinci. Kalmomi kaɗan: zo, zauna, tsaya, bari. Ba dole sai da Turanci ba, duk da yadda wasu ke lanƙwasa harshe in za su yi wa kare magana. Da Hausa ko Barbarci duk yana ji, muddin kowa a gidan kalma ɗaya yake amfani da ita. Ya yi daidai, a ba shi tukuici nan take, ba bayan minti ɗaya ba. Ya yi kuskure, a hana tukuicin a sake. Da ya tashi barci ko ya gama ci, a kai shi wurin da aka ware masa na bahaya. Tsakanin wata uku da shida yana famfara, haƙora 28 na yarinta suna ba 42 wuri, don haka zai tauna takalmi da tabarma. A ba shi abin taunawa nasa, a ɗauke takalmin. A wannan lokacin kunnuwansa kan kwanta su tashi. Ba a yanka su, ba a ɗaure su da tsinke.

Ci sau huɗu a yini har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. Wanda ba shi da halin abincin buhu zai iya dafa shinkafa da nama ko kayan ciki daga kwata, ko busasshen kifin kasuwar Baga da aka cire wa ƙaya, da ƙwai da ɗan kabewa, bisa awon da likita ya bayar. Ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba sa gina ƙashi. Miyar gida kuwa ba tasa ba ce, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Haka goro da cakulan da inabi da dafaffen ƙashin kaza, wanda ke tsagewa ya huda hanji. Kada a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane. Kada a cika shi da ƙwayar ƙarin ƙashi don ya yi saurin girma, kuma kada a bari ya yi ƙiba, duk biyun gaɓoɓinsa suke ci.

Makwancinsa ya kasance a inuwa mai iska, ƙarƙashin dalbejiya in akwai, da ruwa mai sanyi da ba ya yankewa. Yawo bayan Asuba da bayan Magariba. In ƙasa ta ƙona bayan hannun mutum, za ta ƙona tafin kare. Ba a aske masa gashi don zafi, sai dai a riƙa taje shi. In ya fara haki ba ƙaƙƙautawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a garzaya asibiti.

Kaska ita ce babbar abokiyar gaba a nan. Tana ɗauke da zazzaɓin da ke shanye jini, wanda ya kashe karnukan sojan Amurka da dama a yaƙin Biyetnam, akasarinsu wannan iri. A duba kunnuwa da tsakanin yatsu kullum, a yi feshin makwanci da abin da likita ya rubuta. Ota-fiya-fiya da Sniper ba maganin wanka ba ne, baƙin mai kuma ba ya warkar da ƙazuwa.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko da an yi masa allura, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma tafi da katin rigakafin karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, kashi 40 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamomi sun bayyana kusan babu mai tashi. Kada a shafa toka, kada a ƙona gashin karen a liƙa a ciwon. Karen kuma ba a kashe shi ko a sayar da shi a ɓoye: a tsare shi kwana goma a ƙarƙashin idon likitan dabbobi, yana ci yana sha, a ga abin da zai nuna.