Giwan Ruwa Da Sauran Kifayen Koguna: Wanne Ya Fi A Akushi, Wanne Ya Fi A Kasuwa?

Duk wanda ya san harkar kifi a ƙasar nan, tun daga bakin ruwan Yawuri har zuwa gaɓar Tafkin Chadi, ya san cewa idan masunci ya fito da giwan ruwa, to ranar ba ta neman mai saye ba ce, rana ce ta ciniki. Dillalai ne ke rububinsa tun kafin kwale-kwale ya gama tsayawa, kuma manyan otal-otal da gidajen masu hali ne makomarsa. Sai dai kuma duk da wannan daraja, ba giwan ruwa ne ke riƙe da kasuwar kifin Nijeriya ba. Tarwaɗa da ƙarfasa da kuma kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙetare ne ke riƙe da ita. Saboda haka ya dace ɗan kasuwar da ke shirin zuba jarinsa a wannan fanni ya san abin da ya bambanta waɗannan kifaye, da farko a wajen ci, sannan a wajen ajiya da sufuri, domin a nan ne riba ko asara take.

Abin da ya ɗaukaka giwan ruwa

Giwan ruwa, wanda masana kimiyya ke kira Lates niloticus, ɗan asalin manyan ruwayen Afirka ne, wato kogunan Nilu da Kwara da Binuwai da Sanagal da Kwango da Bolta, da kuma Tafkin Chadi. Yana daga cikin mafiya girman kifayen da ke zaune a koguna da tafkuna a duniya, domin yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da yake irin waɗannan ƙattan sun yi ƙaranci ƙwarai a yanzu. Shi ne kifin da masunta suka fi fatan kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 a kogin Matan Fada. A bikin 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Abubuwa uku ne suka ɗaukaka shi a wajen ci. Na farko shi ne tsokarsa fara ce, mai kauri, wadda ba ta dagargajewa a tukunya ko a kan wuta. Na biyu, ba shi da ƙananan ƙayoyin nan da ke tsirge a cikin tsoka, saboda haka ana iya yanke tsokar zalla daga jikin ƙashin baya a sami manyan falle biyu da yaro ko tsoho zai ci hankali kwance. Na uku kuwa, ƙarninsa kaɗan ne, don haka yana karɓar kowane irin kayan yaji, ko an soya shi, ko an gasa, ko an yi farfesu. Waɗannan siffofi ne suka sa ya zama kifin otal. A Jamhuriyar Nijar da Chadi da Kamaru, inda ake kiransa kapiten da Faransanci, shi ne kifin da ake fara lissafawa a gidajen abinci na manyan birane.

Amma akwai abin lura game da girma. Matsakaicin giwan ruwa ya fi daɗin ci, domin idan ya tsufa ya yi ƙato, tsokarsa kan yi tauri, kitse kuma ya taru a cikinsa. Har ila yau, da yake kifi ne mai cin 'yan'uwansa kifaye, duk wata gubar da ke cikin ruwa, musamman sinadarin makuri, takan fi taruwa a jikin manyansa fiye da jikin kifin da ke cin ciyawa. Wannan ya sa masana abinci kan shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara su rage yawan cin manyan kifaye mafarauta kowane iri ne.

Tarwaɗa da ƙarfasa

Tarwaɗa ba ta da ɓawo, kuma tana da maiƙo da santsi, tsokarta tana da taushi, ƙayarta ba ta da yawa. Maiƙon nan shi ne ke sa ta yi armashi a farfesu da kuma banda, domin hayaƙi yana kama kitse, ya ba miya ƙamshin da giwan ruwa ba ya bayarwa. Wasu masu saye kan guje ta saboda santsinta da ƙarfin ƙarninta, musamman wadda aka yi kiwonta a ruwan da ba a sauyawa. Amma a wajen ɗan kasuwa tana da wata baiwa da ta fi ƙarfin kowane aibi. Allah ya yi mata wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye, saboda haka takan daɗe da rai a cikin ɗan ruwa kaɗan. Ana iya ɗauko ta a garwa ko baho daga gona zuwa wani gari mai nisa, ta isa tana motsi, mai saye ya nuna wadda yake so a yanka masa nan take. Wannan ciniki ba ya buƙatar ƙanƙara ko wutar lantarki.

Ƙarfasa kuwa, wadda wasu ke kira gargaza, tana da ɗanɗano mai sauƙi da farar tsoka, kuma ta fi dacewa da suya da gashi ɗungurungum. Rauninta biyu ne. Kai da ƙashi da ɓawo sun cinye kaso mai yawa na nauyinta, ta yadda tsokar da ake samu idan an yanke ta zalla ba ta cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Sannan idan ta tashi a ruwan da gansakuka ta yi yawa, namanta kan ɗauki warin taɓo. Wannan wari yana fitowa ne daga wani sinadari da ƙananan halittun ruwa ke fitarwa, kuma masu kiwo kan rage shi ta hanyar ajiye kifin 'yan kwanaki a ruwa mai tsabta ba tare da abinci ba kafin a kai shi kasuwa.

Ta fuskar gina jiki, bambancin da ke tsakanin ukun ba shi da yawa, domin furotin da ke cikin ɗanyar tsokarsu yana tsakanin kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari. Abin da mai saye ke biya a kan giwan ruwa shi ne sauƙin ci da kyan gani a faranti.

Sauran kifayen da bai kamata a raina ba

Akwai wasu kifayen da ke gogayya da giwan ruwa a wajen masana daɗin kifi. Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, kifi ne dogo mai tsoka da yawa da maiƙo, kuma yana da tsada ƙwarai a ƙasar Yarbawa inda ake kiransa eja osan, ake kuma darajanta shi a wajen bukukuwa. Ragon ruwa shi ma yana da tsoka mai laushi da ƙarancin ƙaya, kuma mutanen bakin kogi da yawa sun fi son farfesunsa a kan na kowane kifi. Tsage yana da ɗanɗano, amma ƙananan ƙayoyinsa masu rassa sun hana shi shiga otal. Bargi yana girma da sauri, yana da tsoka, sai dai ƙarancin maiƙonsa kan sa ya bushe a baki, shi ya sa aka fi yin bandarsa. Ƙurungu kuwa kifin miya ne, kansa ƙashi ne zalla, amma romonsa ya wuce raini.

Wannan bambanci na nuna cewa kowane kifi da kasuwarsa. Wanda ya kai bargi otal, ko ya kai giwan ruwa ƙaramar kasuwar ƙauye inda ake sayen kifi kashi-kashi, ya kai kaya inda ba a nemansu.

Inda giwan ruwa ke karya jari

Babbar matsalar giwan ruwa ita ce ba ya jimrewa. Kifi ne mai buƙatar ruwa mai wadatar iska, saboda haka da zarar an fito da shi sai ya mutu, kuma a zafin ƙasarmu 'yan sa'o'i kaɗan sun isa ya fara lalacewa. Kaurin jikinsa da kitsensa sun sa ba ya shanyuwa a rana kamar ƙananan kifaye. Dole ne ko dai a sa shi a ƙanƙara nan da nan, ko kuma a daddatsa shi a yi banda, wadda ke cin itace mai yawa, ta kuma rage masa nauyi da farashi. Ɗan kasuwar da ba shi da tabbacin ƙanƙara da mota mai ɗakin sanyi, kasada yake yi da dukiyarsa duk lokacin da ya sayi babban giwan ruwa.

Matsala ta biyu ita ce har yanzu kiwonsa bai zama sana'a ba. Yana cin ƙananan 'yan'uwansa, kuma abincinsa nama ne, don haka ciyar da shi yana da tsada. Wani ɗan'uwansa na kusa da ake kira baramundi ana kiwonsa sosai a Ostareliya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, abin da ke nuna cewa ƙofar bincike a buɗe take ga Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa. Kafin a kai ga haka, duk giwan ruwan da ke kasuwa daga kogi ko tafki yake, alhali tarwaɗa takan kai kilo guda cikin wata biyar zuwa shida a tafkin kiwo. Da wannan ne Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan kiwon tarwaɗar Afirka a duniya, kuma a tsakiyar shekarun 2010 kifin da ake kiwo a ƙasar ya kai kimanin tan dubu 300 a shekara.

Su kansu ruwayen da ake dogaro da su sun ja baya. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ƙanƙance ƙwarai bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980, kuma kifayen da ke son ruwa mai zurfi irin su giwan ruwa suka ragu, masu jure fadama irin su tarwaɗa da bargi suka maye gurbinsu. Rikicin da ya addabi yankin Baga, musamman harin watan Janairun 2015, ya ƙara durƙusar da cinikin bandar da ake kaiwa Anacha da Legas. A Tafkin Kainji ma, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, kamun kifi ya bunƙasa a shekarun farko sannan ya faɗi.

Darasi daga Tafkin Biktoriya

Wanda ke son ya ga iyakar arzikin da ke cikin giwan ruwa, da kuma iyakar haɗarinsa, sai ya dubi gabashin Afirka. A shekarun 1950 ne aka saka wannan kifi a Tafkin Biktoriya inda da babu shi. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ya ƙarar da ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye na asali, amma kuma ya haifar da masana'antu a Muwanza ta Tanzaniya da Kisumu ta Kenya da Jinja ta Yuganda, waɗanda ke yanke tsokarsa su tura Turai a jirgin sama. Tsakanin 1997 da 2000 Tarayyar Turai ta sha dakatar da wannan ciniki, da farko saboda ƙwayoyin cuta da annobar kwalara, daga baya kuma saboda zargin kamun kifi da guba. Sai da ƙasashen uku suka gyara wuraren saukar kifi da ɗakunan gwaje-gwaje kafin kasuwar ta sake buɗewa. Haka kuma sun ƙayyade cewa ba za a sarrafa giwan ruwan da tsawonsa bai kai santimita 50 ba, domin a bar ƙanana su girma.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya kamata 'yan kasuwarmu su sa wa ido. Jakar iskar da ke cikin giwan ruwa, wadda take taimaka masa wajen hawa da sauka a ruwa, idan aka wanke ta aka busar, kaya ce mai tsada a Hong Kong da Sin inda ake miya da ita. A gabashin Afirka, kilo ɗaya na babbar busasshiyar jaka ya ninka kuɗin kilo ɗaya na tsoka sau da yawa. Mai sayen giwan ruwa ɗungurungum ya dace ya san cewa a cikin kayan cikin da ake zubarwa akwai kuɗi.

Nijeriya ma ta ɗanɗana irin wannan hukunci na masu saye, domin a 2018 Amurka ta dakatar da shigar da tarwaɗar ƙasar nan saboda rashin cika sharuɗɗan duba lafiyar abinci.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa da hukuma

Alƙaluman da Gwamnatin Tarayya ta bayar a farkon shekarun 2020 sun nuna cewa ƙasar nan na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wannan giɓi ya isa ya ɗauki kowane irin kifi, muddin an kai shi inda ya dace a cikin yanayi mai kyau.

Mai ƙaramin jari zai fi samun kwanciyar hankali da tarwaɗa, mai rai ko banda, ko da yake tsadar abincin kifi, wanda shi ne mafi girman kuɗin da mai kiwo ke kashewa, tana matse ribar. Mai babban jari da ke da hanyar samun ƙanƙara da kwangilar otal, giwan ruwa da yauni da ragon ruwa ne za su biya shi. Ko wanne mutum ya zaɓa, lalle ne ya ƙaurace wa kifin da aka kama da guba, da bandar da aka fesa wa maganin ƙwari don korar tsutsa, domin abin da ya rufe wa gabashin Afirka ƙofar Turai zai iya rufe wa kowane dillali ƙofar abokan cinikinsa.

A nata ɓangaren, hukuma na da doka a hannu. Dokar Kamun Kifin Cikin Ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya, ta kuma hana amfani da tarun da idonsa bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'in kamu. Idan jihohin da ke da manyan ruwaye suka haɗa kai da sarakunan ruwa wajen aiwatar da ita, aka kuma samar da injinan ƙanƙara a manyan wuraren saukar kifi, ƙananan giwan ruwan da ake kwashewa tun suna tsawon tafin hannu za su sami damar girma, masunci da dillali da mai otal duka su amfana.