Babi na Bakwai: Da Buhu ko da Mudu?

Duk wanda ya taɓa kwafe faifai da umarnin dd ya san ɗan wurin nan da ake rubuta bs, wato girman abin da kwamfuta za ta ɗiba a hannu ɗaya. In ba ka faɗa mata ba, bayit 512 take ɗiba, kamar mai kwashe rumbu da cokali. Shi ya sa masu gyara ke cewa a sa 4M a huta. Sun yi gaskiya, amma a kan faifai mai lafiya.

Faifan da ya karce sha'aninsa daban. CD da DVD sun kasa bayanai gida-gida, kowane gida bayit 2048, kuma buhun 4M gida 2048 yake ci. Ka ce wa dd ya ci gaba ko da ya yi tuntuɓe, sai ya iske gida ɗaya ya lalace ya cike ragowar buhun da sifili. Wake ɗaya ya ɓata gari ke nan. A nan mudu ake so, daidai da girman gida.

Abin da ya sa nake yaba wa ddrescue, manhajar da Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004, shi ne ta iya awo biyun. Takan fara wawure wurare masu lafiya da sauri, ta rubuta taswirar inda ta tsallake, sannan ta dawo tana tsinta gida ɗaya-ɗaya. A sa mata -b 2048, a adana taswirar. In na'urar da ke karanta faifan ta gaza, a kai shi wata, ddrescue ta ɗora daga inda aka tsaya.

Sai kuma abin da ke ba ni haushi. Mutum ya ɗauko faifan bikinsa yana goge shi da bakin riga, yana zagayawa! Rubutun faifai a nannaɗe yake daga tsakiya zuwa baki, don haka karcen da ya bi zagayen ya fi wanda ya ratsa shi ɓarna. Daga tsakiya ake shafowa waje. Kuma a CD, gefen da ake rubuta suna shi ne mai rauni, domin bayanan suna dab da shi. Ɗaga faifan ka duba a hasken taga. Inda haske ya ɓullo kamar hujin allura, babu ma'aunin da zai dawo da wurin.