Tsare Sirrin Fayil a Kwamfutar da Ake Tarayya a Kanta

Gabatarwa

Garu ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, wadda ta yi iyaka da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. A wannan yanki, kamar sauran karkarar Arewa, ba kowane ɗalibi ko malami ne ya mallaki kwamfuta ba. Amma kuma tun daga shekarar 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, da kuma 2021, da ta wajabta gabatar da lambar NIN kafin rajista, da wuya ɗalibi ya kammala sakandare bai zauna gaban na'urar makaranta ko ta shagon buga takardu ba. A nan yake barin hotonsa, da sakamakon jarrabawarsa, da lambar shaidarsa mai alƙaluma 11. A nan ne kuma malami yake buga tambayoyin jarrabawar ƙarshen zango. Da zarar sun tashi, wani zai zauna a kujerar.

Wannan maƙala za ta yi bayanin matakai uku na tsare fayil a irin wannan na'ura, da iyakar ƙarfin kowannensu. Domin sauƙaƙa fahimta, a ƙaddara kwamfuta gidan fatoma ce, irin wanda fatake ke sauka in sun zo cin kasuwar Illela: gida ɗaya, baƙi da yawa, kowa da kayansa.

Tsohuwar Matsala

Matsalar ta girmi kwamfutar tebur. A shekarar 1961 masana a cibiyar MIT ta ƙasar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató, suka ƙera tsarin CTSS, wanda ya ba mutane da dama damar aiki da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya. Don kada wani ya leƙa ajiyar wani, sai aka ba kowa kalmar sirri. A 1962 wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda sa'o'i 4 da aka ware masa a mako ba su ishe shi ba, ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa da kowa. Wato tun daga ranar farko, tsaron fayil ya dogara ne ga wurin da aka ajiye mabuɗi.

Mataki na Farko: Ɓoyewa

Dabarar da ta fi yawa tsakanin ɗalibai ita ce ɓoyewa. Wani yakan sanya wa jakar fayil alamar ɓuya don kada ta bayyana a allo, wani yakan sauya wa fayil suna, wani kuwa yakan cusa shi can cikin jaka ta biyar. Wannan tamkar baƙo ne ya tura kuɗinsa ƙarƙashin tabarma a zauren fatoma. Alamar ɓuya umurni ne kawai ga na'ura da kada ta nuna fayil, kuma kowa na iya soke umurnin da latsawa biyu ko uku. Haka nan kwamfuta tana da ma'aikacin bincike da ke lalubo fayil ta wata kalma da ke cikinsa, ko ta ranar da aka taɓa shi, komai sunan da aka laƙaba masa. Saboda haka ɓoyewa tana kare fayil daga idon mai wucewa ne kurum, ba daga hannun mai nema ba.

Mataki na Biyu: Asusu da Izini

Mataki na biyu shi ne kowane mai amfani da na'ura ya sami asusunsa da kalmar sirrinsa, wato kowane baƙo da ɗakinsa da kwadonsa. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: kowane fayil yana da mai shi, kuma ana rubuta wanda aka yarda ya karanta shi, da wanda aka yarda ya sauya shi, da wanda aka yarda ya sarrafa shi. Kamfanin Microsoft ya kawo irin wannan ƙa'ida a 1993 cikin tsarin ajiyar da ake kira NTFS. Idan ɗalibi ya shiga asusunsa ya nemi buɗe jakar malami, na'ura za ta duba rubutaccen izini, ta hana shi.

Wannan kariya ce mai amfani, amma tana da giɓi uku. Na farko, akwai babban asusu na mai kula da na'ura, wanda ke da ikon shiga ko'ina, kamar yadda fatoma ke riƙe da safayar mabuɗin kowane ɗaki. Na biyu, izini ba ya aiki sai manhajar da ke tsaronsa tana farke. Idan aka ciro faifan ajiya aka ɗaura shi a wata kwamfuta, ko aka tayar da na'urar da wata manhaja daga filash, to an shiga ɗaki ta rufi, kwado yana nan a ƙofa. Na uku, akasarin filash suna zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su san izini ba sam. Duk wanda ya tsinci filash ya tsinci abin da ke cikinsa.

Mataki na Uku: Zaurancen Kwamfuta

Hausawa sun daɗe da sanin zaurance, inda ake jirkita gaɓoɓin kalma don kada bare ya gane zance. Haka kwamfuta ke yi wa fayil a mataki na uku. Misali mafi sauƙi shi ne dabarar da ake dangantawa da Julius Kaisar na Rum, inda ake musanya kowane harafi da na uku a gabansa. Bisa jerin baƙaƙen Turanci, kalmar GARU za ta koma JDUX. Irin wannan ba ta da wuyar warwarewa, domin tun a ƙarni na 9 masanin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya nuna cewa ana iya gano asirin ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan maimaituwa.

Zaurancen zamani ya wuce nan nesa. Tsarin AES, wanda masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, kuma hukumar ma'aunai ta Amurka ta amince da shi a 2001, yana dagula bayanai zagaye bayan zagaye da wani dogon mabuɗi na lissafi. Wanda ba shi da mabuɗin, ko da shi ne mai kula da na'ura, ko da ya ciro faifan, ba zai ga komai ba sai tarkacen alamomi. Wannan ita ce adakar ƙarfe a cikin ɗaki: fatoma na iya shiga, yana ma iya ɗauke adakar, amma ba zai san abin da ke ciki ba.

Ba sai an sayi wani abu ba kafin a yi wannan. Tun daga fitowar 2007, Microsoft Word da Excel suna kulle takarda da AES idan aka zaɓi sanya kalmar sirri ta buɗewa. Manhajar 7-Zip, wadda kyauta ce, tana tattara fayiloli cikin ƙunshi ɗaya ta kulle su. BitLocker da VeraCrypt kuwa suna kulle faifai ko filash gaba ɗaya.

Ƙarfin Kalmar Sirri

Adaka ba ta fi mabuɗinta ƙarfi ba, kuma lissafi ne ke nuna haka. Kalmar sirri mai alƙaluma 4 tana da fuskoki 10,000 kacal. Mai ƙananan haruffa 8 tana da 26 sau kanta har sau 8, wato kimanin biliyan 208. Idan aka ƙaddara wata na'ura tana gwada biliyan 1 a daƙiƙa, za ta ƙare su duka cikin ƙasa da minti 4. Amma idan haruffan suka kai 12, aikin zai ɗauke ta kimanin shekara 3. Ƙarin haruffa 4 ne ya kawo wannan bambanci. Sai dai lissafin yana aiki ne idan kalmar ba mai saurin zato ba ce. Sunan mahaifiya, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya, su ake fara gwadawa. Abin da ya fi shi ne haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna. A kuma riƙe su a ka, domin ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wajibi ne a sani cewa wanda ya manta mabuɗin fayil mai zaurance ya yi asararsa, babu makanikin da zai buɗe masa.

Gogewa Ba Shafewa Ba Ce

Mutane da yawa sukan goge fayil, su zubar da kwandon shara, su tashi hankali kwance. Alhali abin da na'ura ta yi shi ne cire sunan fayil daga jadawalinta, da ayyana gurbinsa a matsayin fili. Bayanan suna nan har sai an rubuta wasu a kansu, musamman a faifai mai juyawa da filash. A 2003 Simson Garfinkel da Abhi Shelat na MIT suka wallafa sakamakon bincike a kan tsofaffin faifai 158 da suka saya a kasuwa. Guda 12 ne kawai aka share yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin banki fiye da 5,000 a cikin sauran. Darasi a nan shi ne, gara kada a sauke fayil tsirara a na'urar jama'a tun farko.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga ɗalibi: ya ajiye takardunsa a filash ko wayarsa cikin ƙunshi mai kulle, ya buɗe abin da zai buga kaɗai. Kada ya yarda manhajar shiga intanet ta adana masa kalmar sirri. Ya fita daga imel da WhatsApp kafin ya tashi, domin rufe shafi ba fita ba ce. Ya duba jakar saukarwa da kwandon shara, domin yanayin bincike na sirri ba ya goge abin da aka sauke. Abin da ya shafi banki da lambar BVN kuwa, ya nisanta shi da na'urar da ba tasa ba, saboda akwai manhajojin leƙen asiri da ke naɗe duk abin da aka latsa, kuma zaurance ba ya maganinsu.

Ga malami da shugaban makaranta: a ba kowa asusu na gama-gari, a keɓe babban asusu ga mutum ɗaya ko biyu. A kulle tambayoyin jarrabawa da kalmar sirri tun daga layin farko. Idan za a fita ko da na ɗan lokaci ne, a danna maɓallin Windows tare da harafin L, allo zai kulle nan take.

Kammalawa

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfuta ba da izini ba, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su. Amma doka tana hukunci ne bayan ɓarna, ba ta mayar da tambayoyin da suka riga suka fita. A taƙaice, ɓoyewa tana kare fayil daga mai wucewa, asusu yana kare shi daga abokin zama, zaurance ne kaɗai ke kare shi daga mai riƙe da na'urar kanta. Ɗalibin Garu da zai zauna gaban kwamfutar da ba tasa ba, ya kamata ya auna darajar abin da zai ajiye, sannan ya zaɓi matakin da ya dace da shi.