'Ya'ya Huɗu Kawai Fom Ya Sani

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya cika fom ɗin inshorar lafiya ya san lissafin: shi, matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Nan wajibcin kamfanin inshora ya tsaya. Da wannan ƙa'ida shirin NHIS ya fara aiki a 2005. Ɗa na biyar kuwa, sai uba ya biya masa kuɗi daban.

Ƙanen mahaifina ma'aikaci ne, mutumin Rabah. Matansa biyu, 'ya'ya tara, ga marayan ƙanwarsa da yake riƙo. Ranar da zai cika fom ya kira ni.

"Ɗana, wa zan rubuta, wa zan bari?"

"Baffa, fara da mai sikila," na ce masa.

Haka ya yi. Sauran gurabe uku ya raba su don kada wani ɗaki ya ce an fifita wani, uwargida kuma ita ta shiga gurbin mata. Maraya ko zancensa ba a yi ba, tunda ba ɗan cikinsa ba ne. Wanda ya tsara fom ɗin nan, ina jin bai taɓa ƙirga kwanukan tuwo a tsakar gida irin namu ba.

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. To, manomin albasa da tafarnuwa a Wurno, ko mai noman rani a gindin madatsar Goronyo, wane albashi za a cire masa? 'Ya'yansa sai dai su shiga ta ƙofar masu rauni, inda aka lissafa yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da marasa galihu. A jiharmu ta Sakkwato hukumar SOCHEMA ke yin rajistar. Kuɗin na zuwa ne daga asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Gurabe ƙididdigaggu ne, shi ya sa ba kowane yaro ake rubutawa ba, wanda aka rubuta ma yana cika biyar ya fita daga sahun yara. Zazzaɓin damina dai ba ya tambayar shekaru.



Haƙƙi ɗaya nake so kowace uwa ta riƙe. Sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda aka kawo cikin halin gaggawa, da kati ko babu. Amma an ce a ceci rai ne kawai. Maganin da za a rubuta bayan yaro ya farfaɗo, daga aljihun uba zai fito.