Rumbun Masara da Ya Koma Gidan Zane a Bakin Teku

Manomin Gummi ko na Bukkuyum ya san aikin rumbu: a zuba hatsi da kaka, a buɗe idan bazara ta yi tsanani. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, dab da inda jiragen ruwa ke tsayawa, akwai wani rumbun kankare mai tsayin mita 57 da aka gama ginawa a 1924 don tara masarar da ake fitarwa ƙetare. An daina zuba masa hatsi a 2001. A watan Satumba na 2017 aka sake buɗe shi da sunan Zeitz MOCAA, gidan nuna ayyukan masu fasahar Afirka na wannan zamani.

Abin da ke fara tsayar da baƙo shi ne ginin kansa. Da can cikinsa dogayen rumbuna 42 ne a manne da juna, ba ƙofa ba taga. Mai tsara gini Thomas Heatherwick, ɗan Ingila, bai rushe su duka ba. Ya sa aka ƙwaƙule tsakiyarsu, aka fitar da wani makeken zaure mai siffar ƙwayar masara, haske yana sauko masa ta rufin gilashi. Daga nan ake hawa zuwa ɗakunan nuni kusan 80.

Ba tsofaffin takubba ko tukwanen kakanni ake ajiyewa a nan ba. Zane ne da hoto da sassaƙa da saƙa na mutanen da yawancinsu suna raye, suna magana kan hijira, talauci, mulki da halin da mata ke ciki. Cikin waɗanda aka nuna aikinsu akwai El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka. Murafun kwalabe yake tarawa, a dandaƙe su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama wani katafaren mayafi mai sheƙi da ke rufe bango.

Wanda tafiyar ta yi wa nisa, Legas ta ishe shi. A Ibeju-Lekki, cikin jami'ar Pan-Atlantic, an buɗe gidan zane na Yemisi Shyllon a 2019 da ayyuka 1,000 da shi Shyllon ya ba da kyauta. Ɗan Arewa zai tarar da aikin Bruce Onobrakpeya a can, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958.