Sayen gidan haya da bashi: Lissafin da ya kamata a yi kafin sa hannu

A shafukan sada zumunta ana yawan jin masu cewa hanya mafi sauƙi ta tara dukiya ita ce a ci bashi a sayi gida, a zuba 'yan haya, kuɗin hayar ya riƙa biyan bashin. Dabarar ta fi tashe a Amurka, inda ake samun lamunin gida na shekara 30 da kuɗin ruwa ƙasa da kashi 10 cikin 100 wanda ba ya canzawa. Kafin matashi ya gwada ta a Najeriya, sai ya tambayi kansa: shin abin da gidan zai kawo ya zarce abin da bashin zai ci?

A ƙaddara gida na naira miliyan 30. Mai saye ya biya miliyan 10 daga aljihunsa, ya ranto miliyan 20. Idan gidan yana kawo hayar miliyan 2 a shekara, kuɗin ruwan kuma kashi 6 ne cikin 100, zai biya miliyan 1.2, ya rage masa dubu 800 na gyara da rage uwar bashi. Idan ruwan kashi 28 ne, zai biya miliyan 5.6 a shekara, kusan ninki uku na hayar. Bashi yana faɗaɗa riba, haka ma yana faɗaɗa asara.

Lissafi na biyun ya fi kusa da abin da ake samu a bankunan kasuwanci. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuwa a kan wannan suke ɗora nasu. Wasu kan kafa hujja da cewa hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, tana zaizaye nauyin bashi tana kuma ɗaga darajar gida. Gaskiya ne, amma ba a cin wannan ribar sai ranar sayarwa, alhali banki yana jiran nasa kowane wata.

Rance mai sauƙi yana nan, sai dai ƙofarsa ƙarama ce. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ke kula da shi, yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin mai zubi. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi na iya neman lamuni a kan kashi 6, ya biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba. An tsara shi domin gidan zama, don haka amfaninsa ga mai son zuba jari shi ne ya fita daga haya, ya tara abin da yake bai wa mai gida. Tun 2022 ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa na iya cire har kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa ya biya kafin alƙalami.

Ga masu gudun riba, bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus suna bin wasu hanyoyi. A Murabaha, banki ne ke sayen kadara ya sayar wa mutum da ƙayyadaddiyar riba, a biya kashi-kashi. A Ijara, banki na mallakar gidan ya ba da haya har mallaka ta koma hannun mai biya. Babu kuɗin ruwa, amma ba kyauta ba ne, don haka wancan lissafin yana nan daram.

Kowace hanya aka bi, sai an iso ga takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili mai takardar shaidar mallaka sai da amincewarsa. Gidan gado da ba shi da wannan takarda, ko filin da aka saya da shaidar dillali da mai unguwa kawai, da wuya banki ya karɓe shi jingina.

A nan lamarin ya zama na siyasa. Rance mai rahusa ya fi isa ga mai albashi da mai takarda, yayin da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ke komawa ga adashi da ƙungiyoyin gama-kai, su sayi fili su gina sannu a hankali. Tsadar takardar fili da jinkirin samunta kuwa al'amura ne da ke hannun gwamnonin jihohi, kuma ana iya tambayar duk mai neman ƙuri'a abin da zai yi a kansu.

Kafin a kai ga wannan, mai shirin cin bashi ya tantance takardun gidan a ma'aikatar filaye, ya tambaya ko kuɗin ruwan yana canzawa, ya kuma lissafa ko zai iya biya daga samunsa idan gidan ya yi wata shida babu ɗan haya. Idan ba zai iya ba, gidan da ya jinginar ne zai biya.